Muryar Malam Dogo

Nasiha na zaune gindin darbejiyar gidansu a Tambuwal, tsohuwar laftof bisa cinyarta, sai tsaki take ja. Tun safe hoton da ta saka a shafin yanar gizon da take ginawa ya ƙi tsayawa tsakiya. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya koya mata. Tun da ta gama sakandare take bin darussan bidiyo a waya, na harsunan gina shafi, daga HTML zuwa CSS, ta ɓata ta gyara.

"Yawwa! Ashe waƙafi guda na mance!" ta faɗa tana tafi.

"Rufe abin ga ki saurare ni." Mahaifiyarta ce tsaye a kanta, fuska ba walwala. "An aiko daga Kebbe. Inno ta ce an faɗa mata wuni kika yi kina fira da maza cikin kwamfuta. Ko ki bar ta, ko a fasa."

Inno ita ce mahaifiyar Sirajo, malamin firamaren da aka sa musu ranar aure shi da Nasiha bayan Sallah.

"Mama, wallahi karatu nika yi! Ke shaida ce!"

"Ni na sani. Su fa?"

Da la'asar Sirajo ya iso kan mashin, ƙura har gira. A zaure ya kasa haɗa ido da ita.

"Na yi bayani har na gaji, Nasiha. Inno ta ce in na ƙara magana ba ta yafe ba. Ba ni iya saɓa mata – kuma ke ma ba ni iya barin ki."

Hawaye suka zubo mata. Ta so ta ce ya je ya tsaya mata, amma ta haɗiye.

"Kada ka ƙara musu da ita saboda ni. Ba zan yi mata alƙawarin ƙarya ba, ba kuma zan raba ka da uwarka ba. Mu jira."

Aka ɗage biki. Sallah ta zo ta wuce, ƙawaye na ta gulma, wata har cewa ta yi, "Ki auri laftof ɗin mana!" Nasiha ta sha kuka a ɗaki, ta rame, amma ba ta taɓa aibata Inno ko da wasa ba.

Cikin damina Sirajo ya kira ta, murya a dushe. Ruwa ya shiga ɗakin marigayi babansa, Malam Dogo, wanda ya yi shekaru yana tafsiri a Kebbe. Kaset-kaset ɗin karatunsa duk sun fara fumfuna.

"Shi ke nan, muryar Baba za ta tafi ita ma."

"Kawo su gobe!" in ji Nasiha. "Amma kada Inno ta ji, kar ta ɗauka toshiyar baki ce."

Ta ari tsohuwar rediyo mai kaset, ta jona ta da laftof, ta riƙa kwafe karatun ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun tsinke, dole ta haƙura da su. Sannan ta gina shafi mara nauyi, yadda zai buɗe ko a ƙauyen da sabis ke wahala. Sau da yawa ya ƙi aiki, ta koma darasi, ta sake. Da ta gama ta tura wa Sirajo, shi kuma ya tura wa tsofaffin ɗaliban Malam.

Wata ranar suna a ƙauyen Fakku, Inno na cikin mata sai ta ji muryar marigayi mijinta daga wayar wata baƙuwa, har da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya ja aya. Ƙwaryar furar hannunta ta kusa suɓucewa.

"Wa ya ba ki wanga?"

"A intanet yake, Hajiya. Wata yarinya 'yat Tambuwal anka ce ta yi shi."

Da Inno ta koma gida ta tsare Sirajo da tambaya, ya faɗa mata gaskiya. Washegari Nasiha na shara ta ji sallama. Da ta ga mai shigowa ta saki tsintsiya, ta durƙusa har ƙasa. Inno ta kamo hannuwanta ta ɗaga ta, idanu jajur.

"Ɗiyata, da hannuwan ga kinka yi?"

"Da su, Inno."

"Na ji maganar mutane ban bincika ba. Ki yafe min."

"Haba Inno, ba ki yi min komai ba!"

Bayan girbi aka ɗaura aure. Yanzu a Kebbe Nasiha ke gina wa makarantu da 'yan kasuwa shafuka, kuma duk wanda ya leƙo da surutu tana aiki, Inno ce ke korar sa.

Da Nasiha ta mayar da baƙar magana, da ta rasa Sirajo. Da ta watsar da karatunta, da ta rasa kanta. Ta yi haƙuri, ta riƙe ladabi da sana'arta tare, Allah kuwa ya haɗa mata duka. Iyaye kuma su riƙa bincike kafin su yanke wa 'ya'yan mutane hukunci.