Sufeto Sharfaddeen a Kwanar Kongolam

"Kowa ya sauko! Fuska a ƙasa!"

Ƙarfe uku na rana, ranar kasuwar Mai'aduwa. Motar fataken shanu ta ci birki a wata kwana kusa da Kongolam, inda aka gitta ƙaton icce a hanya. Mutum uku suka ɓullo daga gonar gero, fuskokinsu naɗe da rawani. Kalilu ne shugaba, dogo mai kaushin murya. Maharazu na bayansa da bindiga. Na ukun Saminu ne, mai tuƙa musu babur, wanda aikinsa ya san inda 'yan sanda suke, waɗanda suke kira kwalawa.

Kalilu ya matso kusa da shi. "Ka tabbata kwalawa ba sa nan?"

"Oga, yau suna can garin Babban Mutum. Majiyata ba ta ƙarya."

Majiyar tasa yayarsa ce, Murjanatu, matar Sufeto Sharfaddeen na 'yan sandan sintirin kan iyaka. Jiya ya je gidanta a Daura, ta zuba masa dambu, cikin hira ya tambayi inda maigidan zai yi aiki gobe. Ta faɗa masa tana tsefe wa 'yarta Sadiya kai. Ba ta kawo komai a ranta ba.

Sai dai an sauya wa Sufeto hanya da safe. A daidai lokacin yana tafe daga Kongolam, Kofur Isyaku na tuƙi, angon wata biyu. Wani mai keke ya tare su yana haki.

"'Yan fashi! Suna can kwana!"

Isyaku ya rage gudu. "Yallaɓai, mu biyu ne fa. Mu jira a turo mana ƙari."

"Kafin su iso an gama da bayin Allahn nan. Taka mota, Isyaku."

Ya taka.

Maharazu ne ya fara hango su. "Oga, kwalawa!"

Tau! Tau! Gilashin gaba ya tarwatse. Isyaku ya kifa a kan sitiyari, ko salati bai ƙarasa ba. Sufeto ya diro, ya fake da ƙofa, ya buɗe wuta yana ihu, "Ku shiga gona! Ku gudu!" Fatake suka watse cikin gero, wani ba takalmi, wani ba hula. Ƙura ta turnuƙe. Kalilu ya zagayo ta bayan motar shanu, ya saita tasa bindigar — harsashi ɗaya, a ƙirjin Sufeto.

"Mu fece! Kai, tada mashin!"

Saminu ya tada. Suka bi burtali, su uku a kan babur, har wani kango a dajin Mashi. Suna tsayawa ya juyo ya dubi Kalilu.

"Oga, mijin yayata ne."

Kalilu ya kunna taba. "To? Da shi ya riga mu, rangwame zai yi maka? Harka ce ta zo da haka. Kuma ka je gaisuwa, kar a ga babu kai a fara tunani."

Washegari aka sallaci gawa biyu a Daura. Saminu ya bi sahu, ya kama makara da hannunsa. Da ya shiga cikin gida, Murjanatu na zaune kan tabarma, idanunta sun kumbura, ga tsohon ciki.

"Saminu, ina ka shiga tun jiya? Zo ka ɗauki Sadiya. Ta ƙi kowa, ƙila kai ta yarda."

Yarinyar ta maƙale masa a wuya. "Kawu, Abba ya bar takalminsa. Da me zai dawo?"

Ya sauke ta a hankali. Ya fita bai yi wa kowa sallama ba. Bai tsaya ko'ina ba sai ofishin 'yan sanda, ya ajiye makullin babur a kan tebur.

"Ni na kai su. Zan kuma kai ku."

Washegari da hantsi aka kewaye kangon. Maharazu ya fito da gudu yana harbi, bai yi taku goma ba. Kalilu ya haura katanga, harsashi ya karya masa cinya. Da aka jefa shi bayan mota ya ga Saminu da ankwa, ya tofa masa yawu.

"Munafuki! Da kai na fara kashewa!"

"Da ka taimake ni, Oga."

An rasa 'yan sanda biyu a kwanar nan. Amaryar Isyaku ta koma gidan iyayenta da sauran lalle a ƙafa. Murjanatu ta haifi namiji kwana tara bayan jana'iza, aka yi suna ba kiɗa. Kotu ta yanke wa Kalilu hukuncin kisa, Saminu ɗaurin rai da rai.

Sau ɗaya Murjanatu ta je ganin Saminu a gidan yari, da jaririn a goye. Ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Abu ɗaya na zo tambaya. Ya gane ka?"

Saminu ya riƙe ƙarfen taga. "Ya gane ni, Yaya. Rawanina ya warware lokacin da mutane ke gudu. Ya zaci fasinja ne ni. Ya miƙe daga inda ya fake, ya ce, 'Saminu, kwanta, kar su same ka!' Miƙewar nan ce Kalilu ya samu."

Ta gyara goyonta.

"To, Allah Ya rufa masa asiri," in ji ta. "Ya tafi bai sani ba. Ni ce zan rayu da sani."

Ta juya. Ya kira ta sau uku, ba ta waiwayo ba.