Kalmar Da Na Raɗa Wa Baba

"Sau ɗaya kawai, Keziah. Ki yi shiru sau ɗaya."

Muna tsaye a bayan gidanmu, gindin bishiyar tuffa da ba ta fara toho ba, na rungume kwandon wanki kamar wani zai ƙwace. Asahel Pruden ya cire hularsa yana ta murza ta. Na roƙe shi ya rage murya, Baba na ɗakin karatu, kuma tun da idonsa ya tafi babu abin da ke wuce kunnensa.

"To ya ji mana. Shekara uku kina yi wa garin nan wa'azi, wani ake yabo."

"Wanin nan mahaifina ne."

"Na sani, ni ma ina ganin girmansa. Amma ke nake so in aura, Malama, ba shi ba..."

Dariya ta kuɓuce mini, hawaye ya biyo bayanta.

Babana ne faston garinmu a nan Connecticut ta ƙasar Amurka, shekara talatin da ɗaya. Bai samu ɗa namiji ba, sai ni kaɗai, don haka duk abin da ya tanadar wa ɗa ya juye mini: Latinanci ina shekara bakwai, Girkanci ina sha ɗaya. Matan gari suka ce ya lalata ni, wa zai kwashi yarinyar da ke ƙona wake saboda littafi?

Da Mama ta rasu, idonsa ya dushe, sai ya zama yana faɗa ina rubutawa. Sannu a hankali ya fara tsayawa a tsakiyar magana, ni kuwa in ƙarasa masa. Yanzu ni ke rubuta wa'azin tun daga farko har ƙarshe, in yi ta karanta masa daga Laraba zuwa Asabar har ya haddace. Ran Lahadi ina zama a bencin da ke ƙarƙashin mimbari, in ya kakare in raɗa masa kalmar farko. Jama'a sun ɗauka addu'a nake yi.

Ba mu taɓa tada zancen ba, ni da shi. "Wa'azina" yake cewa, ni kuma in ce "wa'azinka".

Asahel, malamin makarantar yara maza, shi kaɗai ya gano. Wata Lahadi ya tare ni a bakin coci ya ce abin mamaki, misalin ƙudan zuman da fasto ya kawo yau, ai wata yarinya ta riga ta ba shi a bakin rafi. Na kusa nutsewa ƙasa. Daga ranar na san na shiga uku, don ban taɓa haɗuwa da wanda ke sauraron maganata har ya gane ta a bakin wani ba.

Yanzu ya samu fili a Ohio, can nesa yamma da mu, amalanken masu ƙaura za su tashi ran Litinin. Makaranta yake so mu buɗe, maza da mata, in koyar da Latinanci da tsakar rana, sunana a jikin ƙofa. Shawararsa ita ce: in Baba ya kakare ran Lahadi, kada in ce komai. Dattawan coci za su ga tsufa ya zo, su sallame shi cikin mutunci, ya koma gidan ƙanwarsa a Hartford. In na yi shiru, zai bar ayarin ya tafi, ya jira mu yi aure lokacin kaka. In na buɗe baki, ya ji amsarsa.

"A gaban mutum ɗari uku kake so in bar shi tsaye?"

"Minti ɗaya ne, masoyiyata. Ke kuwa rayuwarki gaba ɗaya ake magana."

Na ce ai haƙƙi ne a wuyana. Ya dube ni ya daɗe.

"Haƙƙi ne kaɗai?"

Na shige gida da wankin da ban shanya ba.

Gaskiyar da nake jin kunyarta ke nan: ina son abin. Bara na rubuta wa'azi kan yafiya, kafin mako ya zagayo wa da ƙane da suka shekara tara ba sa gaisawa saboda shingen gona suka shirya. Ni, da ba a yarda in ɗaga murya a coci ba, ni na juya su. Na ɗanɗani iko, kuma yana da daɗi. A Ohio zan samu sunana da 'yan mata goma sha biyu. A nan ba ni da suna, amma gari guda ke jin maganata. Har yau ban iya raba ƙaunar Baba da wannan kwaɗayin ba.

Ran Asabar da hantsi muna bita, sau biyu ya kira ni Lois, sunan Mama. Na aje takardar da niyyar gaya masa komai, sai ya riga ni. Ya ce ya ji yaron nan Pruden zai yi yamma, yaro ne na kirki, Allah ya haɗa shi da mace mai hankali. Sannan ya lalubo hannun rigata.

"Kezzy, tsoron gobe nake ji. Kalmomin suna sulle mini kamar kifi a ruwa... Kina nan ƙasa dai, ko?"

"Ina nan, Baba."

Ran Lahadi coci ya cika. Ban waiwaya ba, amma na san inda Asahel ke zaune, benci na huɗu daga baya. Baba ya fara da ƙarfinsa, har na soma fata ya kai ƙarshe shi kaɗai, kowa ya huta da zaɓi.

Ya ce, "Wanda aka danƙa wa amana, in hanya ta buɗe a gabansa..."

Ya tsaya.

Na ji wani ya yi tari. Na ji benci ya yi ƙara. Na ɗaga kai na ga yatsunsa suna bin bakin mimbari, leɓensa na motsi ba sauti. Na ciji harshena. Na ƙirga ɗaya, biyu, har bakwai. Ohio tana nan, saura numfashi kaɗan.

Sai ya sunkuyo da fuskarsa wajena, kamar yaron da ya ɓace a kasuwa.

"Zauna," na raɗa.

"...ya zauna!" in ji Baba, muryarsa ta cika ɗakin. "Ya zauna inda aka ajiye shi!"

Daga can bayan ɗakin na ji takun takalmi, ba da sauri ba, har bakin ƙofa. Aka buɗe, aka rufe a hankali.

Da aka tashi, Dattijo Hosmer, babban dattijon coci, ya kama hannun Baba ya ce bai taɓa jin wa'azi mai ratsa jiki kamar na yau ba, musamman wannan shirun da ya yi. Ya juyo gare ni ya ce in dinga saurare da kyau, ko da ba duka kan mace zai ɗauka ba. Na rusuna na ce to.

Muka kama hanyar gida, Baba na riƙe da gwiwar hannuna.

"Wa ya fita ana tsakiyar wa'azi?"

"Malam Pruden ne, Baba."

"Bai ji daɗinsa ba ne?"

"Ya fi kowa gane shi."

Mun yi taku kusan ashirin. Na jira ya ce in ruga wajen Asahel, har yanzu Lahadi ce, ayarin bai tashi ba. Da a ce ya faɗi haka, ban san me zan yi ba.

"Riƙe ni sosai, 'yata," ya ce. "Akwai laka a gaba."