Gadar da Ta Karye a Kufan Kwargaba

Rana ta yi ja a Wurno, uwargida Ladidi na kwashe tuwo, sai dutse na farko ya sauka cikin tukunyar miya. Na biyu ya fasa goshin maigida, Alhaji Tambari, mai babura goma sha biyu da ke kai saƙo tsakanin Rabah da Goronyo. Aka leƙa waje. Ko akuya babu.

Alhaji mutum ne mai son ci gaba, musamman wanda za a ba da labarinsa a majalisa. Wata uku ke nan 'yarsa Kausar ta ɗora harkar duka a kan manhaja guda: ita ke karɓar saƙo, ta zaɓi direba, ta zana masa hanya. Manhajar kuwa ta gano wani yanke ta cikin kufai a bayan Kwargaba, inda tun kakanni ko jaki kewayewa yake yi. Tsofaffin direbobi suka yi gunaguni. Alhaji ya ce na'ura ba ta san camfi ba.

A magariba ta uku da fara jifan, Kausar ta miƙe daga tabarma, idanu a juye. Ta ɗaga turmi da hannu ɗaya ta maka wa Sale, babban direba, kafaɗarsa ta goce. Ta ciji uwarta har ƙashi. Sannan ta shiga buga kanta da bango, a hankali, kamar mai sussuka, jini na bin haɓarta.

Ƙarti huɗu ne suka danne ta kafin Malam Abdulƙadiri ya iso. Ya zauna, ya daɗe yana karatu.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

Muryar tsoho ta fito daga bakin yarinyar. "Shekara ɗari ukku muna kuhwan nan. Yanzu babura ta tsakar ɗakina! Sunka take ƙahwar jikana. Na shaƙe direba, ya ce waya ta aiko shi. Na hwasa wayar, abin ya koma cikin wata. To ga wadda ta kawo shi. Wuyanta nika karyawa."

"In ka kashe ta, mi ka samu? Gobe da sahe suna nan tahe."

"To kai Tambari, ruhe hanyar!" in ji muryar tsohon.

Alhaji ya gyara tsumman goshinsa, ya sunkuyar da kai. "Wallahi Baba, ban san inda aka latsawa ba. Lambar sirrin ma ita ɗai ta sani."

Aljanin ya ja tsaki mai tsawo. "Mai babur sha biyu ke nan!"

"Hita ta ruhe," in ji Malam. "In ta ƙi, ka san gidan."

Kausar ta yi atishawa uku, ta zube. Da ta farfaɗo aka miƙa mata waya. Manhaja ta nemi dalilin rufe hanya: ambaliya, ɓarayi, ko karyewar gada. Babu gurbin aljanu.

"Sa ɓarayi, ɗiyata," in ji Alhaji.

Daga saman katanga murya ta ce, "Uban wa kaka kira ɓarawo?"

Ta yi maza ta latsa gada. Har yau duk direban da ya duba wayarsa zai ga gada a karye a kufan Kwargaba, wurin da ko kwata babu.