Kyanwoyi a Ƙafar Hawawu

Shekarar da aka sauke tutar Bature a Tamale, Sualihu tela ya ga Hawawu a kasuwar Aboabo tana auna gyaɗa. Ya saya, washegari ya dawo ya ƙara.

"Kai tela ne ko ɓera?" ta ce.

"Tela ne, Hawa tawa. Awonki na zo ɗauka."

Magana ta yi nisa har aka kai akwatin aure. Yaro da rawar kai, ya sayi wata busasshiyar saiwa wajen fataken Salaga, ya daka, ya barbaɗa cikin zannuwan don ƙamshi, bai shawarci kowa ba.

Ranar da Hawawu ta ɗaura zanen farko, kyanwoyi suka biyo ta har kasuwa, suna birgima a ƙafarta suna dalalar miyau, ƙwari na yanyame bakin zanen. Mata suka janye 'ya'yansu. Kafin la'asar kalmar ta fito: mayya. Wadda aka liƙa wa wannan a ƙasar nan, Gambaga, matattarar mayu, ake kai ta, ba dawowa.

Imoru, mahaifin Sualihu, ya ce gobe za a karɓo akwatin.

Sualihu ya same ta a bayan zana.

"Kai ma tsorona kake?" ta ce.

"Tsoron rasa ki nake."

Da ya koma shago, sai ya tarar da kyanwa ta yage ƙunshin sauran saiwar tana murza fuska a kai. Nan ya gane.

Da safe, dattawa na zaune a ƙofar gidan su Hawawu, ya durƙusa ya faɗi abin da ya barbaɗa a zannuwan, ya shafa garin saiwar a rigarsa. Kyanwoyi suka yo kansa.

"Ta kama shi ke nan," in ji wani.

Hawawu ta fashe da kuka daga ciki. Imoru ya daɗe yana duban ɗansa, sannan ya miƙa hannu.

"Kawo nan."

Ya shafa a gefen babbar rigarsa. Wata baƙar kyanwa ta zo ta baje a kan takalminsa.

"To, wa zai raka ni Gambaga?"

Ba wanda ya ɗaga kai.

Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma, sakarai, ka kusa kashe 'yar mutane don ƙamshi. Je ka ba ta haƙuri."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Imoru da kansa ya ɗauki amarya a matsayin 'ya. Allah ya ba su zuriya mai jin magana, ya kiyaye su daga bakin mutane.