Wadda Ke Zuga Masa Iska

"Wa ke zuga maka?"

Elijah bai ɗago ba. Yana durƙushe a bakin ruwa yana ɗaure kwalekwalensa, ya yi ƙulli ya warware, ya sake wani.

"Esther, kin ci abinci kuwa?"

"Kar ka mai da ni yarinya. Sati ukku ke nan, kullum bayan la'asar ina jin kiɗan nan daga wurin da nake banda kihi. Ogan ɗin Baba ba ya kuka da mutum guda. A gindinsa na girma, Elijah."

"Na sani."

"To wace ce?"

Ya miƙe yana share hannu a wando, ya dube ta, ya kau da kai wajen ruwa.

"Ba zan iya gaya miki ba, 'yar Baba. Na yi alkawari."

"Wa ka yi wa?"

Ya sunkuya ya sake duba ƙullin.

Bai ce namiji ne ba. Abin da ta ɗauka ta tafi da shi gida ke nan.

A babbar majami'ar garinsu, can sama da bakin tabkin Kainji, akwai wani tsohon ogan mai bututai. Tsofaffi sun ce a jirgin ruwa aka kwaso shi gunduwa-gunduwa daga tsohon gari kafin ruwan dam ya cinye wurin. Ba ya amfani da wuta. A bayansa akwai wani lungu da aka rufe da labule, cikinsa zugazugi na fata da doguwar sanda. Sai wani ya tsaya can yana danna sandar yana saki, iska ta shiga bututai, sannan mai kiɗa a gaba ya sami murya.

Shekara talatin Malam Sunday, mahaifin Esther, yana kaɗa shi. Shekara talatin matarsa ce kaɗai ke zuga masa. Wanda ya riga shi ma haka, matarsa. Har abin ya zauna a zukatan mutane, in aka ga mace ta fito daga bayan labulen nan, ba sai an tambaya ba.

Bara Malam Sunday ya rasu. Aka rufe ogan da zani. Inna, uwar Esther, ta koma zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, kuma ba ta ko duban inda yake.

Yanzu dattawa sun sa ranar Asabar a yi taron kiɗa domin tunawa da shi. Kiɗa zalla ba waƙa, irin wanda ke cikin tsohon littafinsa mai layuka da ɗigo-ɗigo. Elijah kaɗai ya koya a hannunsa, shi zai kaɗa. Shi ne kuma ya kai kayan neman auren Esther wurin Kawu Arzika, ƙanen mahaifinta, tun kafin damina.

Inna ba ta taɓa amincewa ba.

"Ɗan ruwa ne," haka take cewa. "Ubansa ya tahi kamun kihi Chadi, ya bar uwarsa da goyo, har yau bai waiwayo ba. Ba ni ba da ɗiyata ga wanda ba ya duba baya."

Washegari Maryam ta zo sayen kifi wurin Esther. Ita ce shugabar mawaƙa, kuma kowa ya san inda idonta ke sauka in Elijah ya shigo majami'a. Ta ɗaga wannan ta ajiye, ta shinshina wancan.

"Ke kam kina da haƙuri, Esther."

"Na mi?"

"A'a, ba komi. Na dai bi ta bayan majami'a jiya. Takalmi na gani a ƙaramar ƙofa. Silifa shuɗi, sabo dal."

"Sai aka yi yaya?"

"Ba ƙafar namiji ba ce." Ta yi murmushi. "Ni na ɗauka naki ne, har na ce bari in zo in yi miki murna."

Esther ta naɗe mata kifin a takarda.

Bayan ta tafi, Esther ta bi ƙafafunta da kallo. Baƙin takalmi ne. Amma wa ya hana mace ta mallaki biyu? Watakila ita ce, ta zo ta ga yadda maganar za ta zauna mata. Watakila malamar asibitin nan ce da Elijah ke ƙetarar da ita kullum Talata. Kafin la'asar ta gama zargin matan garin kaf, har da matar mai wa'azi.

Sai kiɗan ya taso.

Ta tsaya da itacen wuta a hannu. Akwai wani abu cikin numfashinsa, wata 'yar sararawa da yake yi bayan kowane dogon ja, wadda ta taɓa mata zuciya kamar ta san ta. Ta ce a ranta tsufan fata ne, ta tura itacen cikin murhu da ƙarfi har tartsatsi ya tashi.

Da magariba Inna ta dawo daga wurin mai magani, inda ta ce take zuwa kullum saboda kafaɗarta. Ta zauna a tabarma ta miƙo man zafi.

"Shafa mini, ɗiyata."

Esther ta durƙusa tana murzawa. Kafaɗar ta yi zafi, ta yi tauri.

"Inna, maganin wanga ba ya yi miki. Kullum ƙaruwa yake."

"Shina yi."

"Inna... Elijah yana da wata."

Kafaɗar ta ɗan motsa a ƙarƙashin hannunta.

"Shi ya ce miki?"

"Ya ƙi cewa komi. Wai ya yi alkawari."

"Kin matsa mai?"

"Har da kuka."

"Bai faɗa ba?"

"Bai faɗa ba."

Inna ta gyara zama. Can ta ce, "Ƙara nan ƙasa kaɗan."

Esther ta ji haushi ya kama ta. Ta zaci Inna za ta ce ai dama na gaya miki. Ko wannan bai samu ba.

Ranar Jumma'a da safe ta sami Kawu Arzika a zaure, yana gyara farar rigarsa ta masallaci.

"Kawu, a mayar musu da kayansu."

Ya ajiye rigar.

"Kin gani da idonki?"

"Na ji da kunnena."

"Hmm. To ki bari a gama taron mahaifinki gobe. Jibi in kai." Ya shafa gemu. "Sai dai fa jirgi guda ke zuwa ƙauyensu, kuma nasa ne. In shiga in ce masa tuƙa ni in kai maka kayanka?"

"Kawu, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, 'yar nan. Ki je ki gani tukuna."

Da la'asar ta rufe kifinta da buhu, ta bi ta bayan gari. Babbar ƙofar majami'a a kulle take ta ciki. Amma ta san ƙaramar ta baya tun tana yarinya, in ka ɗaga ta sama kaɗan sakatar na faɗuwa.

Silifa shuɗi na nan a bakin ƙofa, an jera shi tsaf.

Ta ji kamar ta jefa shi tabki.

Ta shiga a hankali, ta laɓe a jikin bango. Daga nan tana ganin bayan Elijah a kan benci, tana ganin labulen yana kaɗawa da motsin sanda. Babban kiɗan nan yake yi, wanda Baba ke rufe taro da shi. Akwai wurin da ake jawo duk 'yan kawunan katakon da ke buɗe bututai, manya da ƙanana su yi kuka tare har benci ya riƙa rawa. Wurin nan yana shan iska, mai zuga sai ya jiƙe da zufa.

Ya iso wurin. Ya kai hannu, ya jawo biyu.

Sai muryar ogan ta ɗan yi rauni.

Nan take ya mayar da su. Ya ƙarasa da ƙananan bututai, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ya ɗaga hannuwansa.

"Mu huta haka nan," ya ce da wata murya mai taushi. "Hannunki ya gaji, na ji."

Esther ba ta san lokacin da ta tsallaka ba. Ta damƙi labulen ta fizge.

"Inna!"

Inna ce, ɗankwali ya zame, zufa na bin wuyanta, hannu biyu a kan sanda. Ta dubi 'yarta ba tare da ta saki ba.

"Rufe baki, ɗakin Allah ne."

Elijah ya taso da sauri, ya tsaya nesa kaɗan, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Ke ce... sati ukku..." Muryar Esther ta karye. "Ina shafa miki mai ina kuka, kina ji."

"Ina ji."

"Takalmin fa?"

"Na saya ne don kar a gane ƙafata. Ashe na ja wata magana."

Inna ta zame ta zauna a kan ɗan kututturen da ke lungun, wanda ya lotsa daidai zamanta.

"Zo nan. Kai ma matso."

Suka matso.

"Mai kiɗa ba ya ganin wanda ke bayan labule," in ji Inna. "Jama'a shi suke kallo, shi suke yabo. Ubanki, Allah ya ji ƙansa, shekarar aurenmu ta fari ya buɗe bututan nan duka ina da cikin yayanki, har na faɗi nan wurin. Bai sani ba sai da kiɗa ya mutu. Ya leƙo yana faɗa. Shekara biyu ya yi kafin ya koyi jin hannuna."

Ta share fuska da bakin zani.

"Na ce zan san yaron ga a inda na san ubanki. Na zo na ce masa ni zan zuga, kuma in ya gaya wa kowa, ko ke, ya manta da ƙofar gidana. Rana ta ukku na gaji, ya rufe manyan bututai ban ce komi ba. Na ce dace ne. Na saki sanda da gangan a tsakiyar kiɗa. Bai yi tsaki ba. Ruwa ya kawo mini."

"To tun sannan mi ya hana ki faɗa?"

"Ina son in ga ko zai sayar da ni don ya tsira da ke."

"Ya kusa rasa ni, Inna. Na je wurin Kawu yau."

Elijah ya ɗago da sauri.

"Kin je?"

Ta kasa dubansa.

"Kullum na dawo daga ruwa sai in ce yau zan gaya miki," ya ce. "Sai in tuna in na karya mata wannan, ta tabbata halin ubana na ɗauko. Amma ke ma, Esther... har malamar asibiti? Ta haifi kamata."

"Wa ya gaya maka?"

"Kin daina gaishe ta. Ta tambaye ni laifinta."

Dariya ta kufce mata tare da hawaye. Ta rufe fuska.

"Ka yafe mini."

"Sai kin je kin tare Kawu kafin ya shiga jirgina."

Inna ba ta yi dariya ba. Tana shafa sandar, inda hannu ya cinye katakon ya yi santsi.

"Akwai saura," ta ce. "Tun sati na fari na gama gwada shi. Na kasa bari ne. In ina nan baya, ba na ganin wanda ke kan benci. Sai in ɗauka ubanki ne ke kaɗawa."

Esther ta durƙusa ta ɗora kai a cinyarta, suka yi kukan da ba su yi tare ba tun ranar jana'iza.

Ranar Asabar majami'a ta cika tun hantsi. An zo daga Wara, an zo daga Yelwa da Shanga, kwalekwale sun jeru a bakin ruwa. Kawu Arzika da abokansa suka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaro kusa da taga, ya ce ɗan'uwansa ne, ba zai ji labari a bakin wani ba.

Kafin a fara, Inna ta tashi daga bencin ƙarshe. Ta kama hannun Esther, ta ja ta ta tsakiyar jama'a, silifa shuɗi na ƙara a kan siminti. Ta ɗaga labule da kanta, ta tura ta ciki.

Aka yi gunaguni. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa ta kama bakinta. Maryam ta dubi takalmin, ta sunkuyar da kai kan littafin waƙarta.

A lungu Esther ta kama sanda. Tana da nauyi fiye da yadda ta zata. Ta danna, fata ta kumbura, ta ji bututai sun ja numfashi a kan kanta.

Da aka iso babban wurin, hannuwanta sun fara rawa. Ta ji Elijah ya yi jinkiri. Ta ji ƙarar katako ɗaya ya koma ciki.

Ta kai bakinta jikin allo.

"Buɗe su duka," ta ce a hankali. "Ina nan."

Ya buɗe.

Bayan an tashi, ta fito jiƙe da zufa, mata suka yanyame ta. Ta kutsa ta nemi Inna. Ta same ta a bencin farko, daidai gaban bututai, ita kaɗai, hannuwa a cinya, ba ta ko share fuskarta ba.

"Inna, kafaɗar ce?"

Inna ta girgiza kai.

"Shekara talatin," ta ce, "ƙarar sanda da hucin fata nake ji. Ashe haka yake daga gaba."