Ranar da Aka Kawo Wuta a Bodinga

Kwana arba'in ke nan unguwarsu Adawiyya ba wuta, wayarta ta mutu, zafi kuma ya koro kowa kwanan tsakar gida. Mijinta Murtala yana can fadamar Danchadi yana ban ruwan albasa, sai bayan isha'i yake shigowa, ya fita kafin asuba.

Surukarta Inna Madina ce ta karɓe mata tocila tun daren farko. "Kak ki haska mai ido, ɗiyata. Ya gaji."

Adawiyya ta bi, domin tun rasuwar mahaifiyarta Inna ce uwarta. A duhu take ajiye masa tuwo. Ta dai lura yana warin laka, hannunsa sanyi ƙalau cikin wannan zafi, kuma sauro ba ya kusantar tabarmar in yana kai. Ta gaya wa Inna, Inna ta ce aikin fadama ne.

Ran nan da rana tana shara ta danna makunnin ƙwan tsakar gida, ta manta da shi. Da dare yana cikin cin tuwo sai yara suka kaure da ihu a waje, ƙwan ya kama.

Rigar Murtala ce a jikinsa. Amma dugadugansa na kallon gaba, bangon bayansa kuwa inuwarta kaɗai ke kai.

"Inna!" ta ƙwalla. "Taho ki gani!"

Daga ɗaki muryar Inna ta fito a natse, ko labule bai motsa ba.

"Kashe wutag ga, Adawiyya. Ba shi son haske."