Jan Baki a Kan Farin Leɓe

Sufeto ba ta gama ajiye jakarta ba wata dattijuwa ta faɗo ofis, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Ranki ya daɗe, an lalata mini bakin 'ya! Tana asibiti, kuma ta ƙi faɗin wanda ya yi."

A ofishin nan Sannu-Sannu ake kiran Sufeto a bayan idonta, don ko gobara aka yi sai ta gyara zaman biro a aljihu kafin ta miƙe. Amma mai yi mata dariya bai taɓa ganin ta a bakin aiki ba ne. Ta ce wa tsohuwar ta sa takalminta, ta ce wa Saje ya fito da mota.

A asibiti suka tarar da 'yar, malamar makarantar yara ce. Leɓenta na sama ya kumbura, gefe ɗaya ya yi fari fat, kusa da hanci kuma ya fara shuɗi.

"Allurar cika leɓe ce," in ji Likita. "Wanda ya yi ya tura abin cikin jijiyar jini, ta toshe. Naman nan ba ya samun jini. In aka daɗe zai mutu, sai dai a yanke."

"Akwai magani?"

"Ya danganta da abin da aka ɗura mata. Akwai irin da muke narkarwa da wata allura, na ma fara yi mata a kan tsammani. Akwai kuma wani mai da ba ya narkewa har abada, in shi ne ɓata lokaci nake, gara in kira likitan tiyata. Shi ya sa kafin mutum ya miƙa bakinsa ya kamata ya ga kwalin a rufe, ya san sunan abin, ya tabbatar mai allurar ya karanci aikin kuma yana da maganin narkarwa a kusa. Ita ko ɗaya ba ta tambaya ba. Ki samo mini kwalin nan, Sufeto."

Sufeto ta sunkuya kan gadon. "Malama, wa ya yi miki?"

"Ƙudan zuma ne ya harbe ni," ta faɗa da ƙyar.

"To, wannan ƙudan ya iya layi. Ga shi ya bi gefen leɓe a jere."

Malama ta juya fuska bango, hawaye na gangarowa. Sufeto ba ta matsa ba. Idonta ya riga ya faɗa kan auduga a cikin kwanon ƙarfe.

"Wannan jan ba jini ba ne."

"Jan baki ne," in ji Likita. "Da shi aka kawo ta, an zizara shi tsaf, har da layin gefe. Sai da muka goge muka ga ɓarnar."

Macen da ke kukan zafi ba ta tsayawa zana layi a gaban madubi. Sufeto ta sa audugar a leda, ta tambayi uwar inda 'yar ta ce za ta je da safe. Shagon gyaran gashi, in ji ta, na bayan tashar mota.

Shagon duk ƙaurin gashi da ƙamshin turare. Mai shagon ta rufe baki da takunkumi. Sufeto ta tambaye ta labarin Malama.

"Ni rabona da ita tun wancan watan."

"Cire abin nan, ba na jin ki sosai."

"Mura nake yi, ranki ya daɗe."

"Cire dai, na saba da mura."

Ta cire. Leɓenta suntum, ga tabon allura baƙi-baƙi a gefe. Saje ya kau da kai yana danne dariya, Sufeto ta harare shi, ya nutsu.

"Abokiyar allurarki tana asibiti, ana maganar yanke mata leɓe."

Matar ta zube kan kujerar wankin kai. "Na shiga uku! Wallahi ni ɗaki kawai na bayar. Cewa aka yi sirinji ɗaya ya ishe mu mu biyu."

"Sirinji ɗaya, baki biyu? Ki rufe shagon nan ki je a gwada jininki yau. Ina kwalin?"

"Ta tafi da shi."

"Wa?"

"Na yi rantsuwa ba zan faɗa ba."

Sufeto ta ɗaga ledar. "Ban ce ki faɗa ba. A matsayinki na mai sana'a, a ina ake sayar da wannan launin?"

Matar ta duba, ta sunkuyar da kai. "Ba a sayar da shi, haɗawa ake yi. Mutum ɗaya na sani mai haɗa shi, tana yi wa masu zuwa ɗaukar hoto kwalliya. Ku tambayi maman Malama 'ya'yanta mata nawa ne."

Ranar Saje ya ga abin da bai taɓa gani ba: Sannu-Sannu da gudu.

A barandar asibiti, yayar malama na zaune a ƙarshen benci, ta rungume kular abinci a ƙirji. Uwar ta ce, "Babbar 'yata ce. Baiwar Allah, tun ɗazu take riƙe da abincin ƙanwarta."

Sufeto ta zauna kusa da ita, ta ɗora bayan hannu a jikin kular. Sanyi ƙarara, har tana zufa.

Wani zai daka tsawa a nan, ya fizge. Ita kuwa murya ta sassauta, kamar mai lallashin 'yarta.

"Mai son ɓoye abu a kwata yake jefa shi. Ke kin kawo shi har ƙofar Likita kin zauna. Abin da ya rage ki miƙa."

Yayar ta fashe da kuka, ta buɗe murfin. Ƙanƙara ce a ciki, a ƙasa kuma kwali da sirinji a naɗe cikin leda.

Aka kira Likita, ya karɓa ya karanta. "Mai narkewa ne. Alhamdulillahi! A ƙaro mini allurar." Ya shige, ƙofa ta rufe.

"A waya na koya," in ji yayar. "Na sayo a intanet. Ita ta roƙe ni, wai yara na tsokanarta ba ta da leɓe. Da ta yi ihu na ce zafin allura ne. Da ya yi fari na ɗora ƙanƙara, ya ƙara fari. Sai na ɗauko jan baki." Ta kalli hannunta. "Ni abin da na iya ke nan, ranki ya daɗe. In na ga tabo, in rufe."

Uwar ta dafe bango. "Ke? Ke da kika goya ta?"

Saje ya ciro ankwa. Sufeto ta girgiza kai. "Mayar. Za mu tafi, amma ba yanzu ba."

Suka zauna su uku a benci. Can Likita ya leƙo, goshinsa sharkaf da gumi.

"Jini ya fara dawowa. Ku zo ku gani daga nan."

Daga bakin ƙofa suka hango leɓen. Farin nan ya fara ja da baya, wani ja mai rauni yana shigowa, ba irin wanda ake haɗawa ba. Malama ta ga yayarta tsaye kusa da kakin 'yan sanda, ta yunƙura.

"Yaya, ni ban faɗa ba."

"Na sani," in ji yayar. "Da ma kin faɗa."

Sufeto ta gyara zaman bironta, ta riƙe yayar a gwiwar hannu, suka bi baranda a hankali zuwa mota.